Shin duk mai suna Washington jikan bayin George Washington ne?

Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Ku raba mu gardama. Jiya a shago ana hirar ɗan fim ɗin nan Denzel Washington, na ce ai sunan nan daga gandun shugaban Amurka na farko ya fito. Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce shaci-faɗi ne, har muka sa katin waya na dubu biyu. Hujjata a fili take. Bawa sunan ubangidansa yake ɗauka. George Washington Bature ne, ya mallaki bayi. Duk wani Washington da kuka taɓa gani a talabijin kuma baƙar fata ne. To me ya rage? Duk mai wannan suna a Amurka jikan bayinsa ne.

Ɗan'iya: Ni tun muna aji biyu na fassara shi da "garin wanki". Na ɗauka kakansu ɗan wanki da guga ne.

Bilkisu: Kai Ɗan'iya, Allah ya shirye ka. Yaya Auwalu, bari in fara da abin da idona ya gani. Washington sunan gari ne a nan arewa maso gabashin Ingila, tsakanin Sunderland da Newcastle, masu kallon ƙwallo kun san su. Daga inda nake aiki tafiyar kusan rabin awa ce a bas. Da can garin masu haƙar kwal ne, yanzu kamfanin motocin Nissan ne a gefensa. A tsohon ƙauyen akwai wani gidan dutse kusa da coci, ana ce masa Washington Old Hall, wanda aka gina a kan tsohon gidan zuri'ar. Na kai yara a hutun bara. Ban ga wani ƙasaitaccen abu ba, gidan wani hakimin ya fi shi faɗi, amma duk ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, sai sun ɗaga tutar Amurka a harabarsa. Jimmy Carter ma ya je garin a 1977 yana shugaban ƙasa, har ya dasa itace. Abin da ya ba ni mamaki: shekara shida ina duba sunayen marasa lafiya a wannan yanki, su Robson, su Bell, su Thompson ba iyaka, ban taɓa cin karo da mai suna Washington ba ko sau ɗaya.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Bilkisu ta ɗauko zancen daga tushe. Ɗan'iya, babu ruwan sunan da wanki. Tsohon Turanci ne. Ƙarshen kalmar yana nufin ƙauye ko gandu, farkonta kuma masana sun fi karkata ga cewa sunan wani mutum ne, Hwassa. Wato ƙauyen mutanen Hwassa, kamar yadda za mu ce Unguwar Wane ko Tungar Wane.

Yadda ya zama sunan zuri'a kuwa, a kundin filayen Bishop, wato babban limamin coci, na Durham na shekarar 1183 an rubuta cewa wani William de Hertburn ya ba da ƙauyensa na Hartburn aka musanya masa da wannan. Da ya tare sai ya koma William de Wessyngton. Wannan "de" Faransanci ne, ma'anarsa "na wuri kaza", ya shigo ne da Normawa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu: Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Abubakar Rimi, duk sunayen garuruwa ne. Bambancin kawai, su can sunan ya maƙale ya bi 'ya'ya da jikoki, har bayan sun bar garin da ɗaruruwan shekaru.

Wani reshe na gidan ya koma Lancashire, daga can Lawrence Washington, falken ulu wanda ya yi magajin garin Northampton, ya sayi gandun Sulgrave a 1539, lokacin da Sarki Henry na 8 ke gwanjon filayen gidajen ibada da ya ƙwace. Wani daga zuri'arsa, shi ma Lawrence, limamin coci ne a Purleigh, aka tsige shi a 1643 saboda yana bayan sarki a yaƙin basasa. Gida ya talauce. Ɗansa John ya shiga jirgin fataucin taba a 1656, jirgin ya kafe a kogin Potomac na Amurka, shi kuma ya yi zamansa a Virginia ya auri 'yar wani mai gona. Wannan John shi ne kakan mahaifin George.

Auwalu: Allah ya gafarta Malam, duk na yarda. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ban ce sunan ba na Ingila ba ne. Tambayata, ta yaya ya tsallaka daga gidan Turawa ya cika gidajen baƙaƙe?

Hajiya Rabi: Auwalu yana da gaskiya a rabin maganarsa, kada ku danne shi. Ƙidayar Amurka ta 2000 ta samu mutum 163,036 masu wannan suna, kuma kashi 90 cikin 100 baƙaƙen fata ne, a ƙasar da baƙaƙe ba su wuce kashi 12 zuwa 13 ba. Cikin sunayen da suka yawaita babu wanda ya kai shi. Jefferson ne ke biye da kashi 75.

Auwalu: Kun ji ko! Hajiya, Allah ya ƙara arziki. Kashi 90 fa.

Nura Akawu: Dakata tukuna, kada ka ci katin nan da wuri. Malam, bayi nawa ne a gandun?

Malam Ɗanjuma: A 1799, shekarar da ya mutu, mutum 317 ne a gandunsa na Mount Vernon. Nasa na kansa 123. Guda 153 dukiyar gadon mijin matarsa Martha na farko ce, ba shi da ikon 'yanta su. Sauran haya ya ɗauko. A wasiyyarsa ya ce a 'yanta nasa bayan mutuwar Martha, ita kuwa ba ta jira ba, ta sake su a farkon 1801.

Nura Akawu: To ga lissafi. Mu yi wa Auwalu alfarma mu ce dukan 123 ɗin sun fita da sunan Washington, kuma suna ninkawa duk shekara 25 ba fashi, ba annoba ba yaƙi. Daga 1801 zuwa 2000 ninki takwas ke nan. 123 sau 256 ya ba da 31,488. Kai kuma kana neman wajen 146,000. Sauran fiye da dubu ɗari daga ina suka faɗo?

Malam Ɗanjuma: Kuma alfarmar ma ba ta zauna ba, domin mutanen Mount Vernon da aka san sunayen gidajensu ba Washington suke amsawa ba. Baransa na kusa, wanda ya bi shi duk yaƙin neman 'yanci, William Lee ne. Kuyangar Martha da ta tsere daga Philadelphia a 1796 ta ƙi dawowa har ta mutu, Ona Judge ce. Akwai Christopher Sheels, akwai Caroline Branham, akwai gidan Quander da zuri'arsu ke nan har gobe. Mutanen nan suna da sunayensu tun suna cikin bauta, ko da ubangida bai rubuta a littafinsa ba. Shi kansa George bai haifu ba, 'ya'yan Martha ya riƙa.

Sadiya: Malam, a gafarce ni, zan tsaya wa Yaya Auwalu kaɗan, don na ga an yi masa taron dangi. Kuskurensa ɗaya ne, ya ɗora komai a kan mutum guda. Amma George ba shi kaɗai ne Washington mai bayi ba. Yana da 'yan'uwa maza da suka hayayyafa, kusan kowanne da gandunsa. Ɗan ƙaninsa Bushrod, alƙalin kotun ƙoli wanda ya gaji Mount Vernon, ya kawo nasa bayin, har ya sayar da sama da 50 zuwa Louisiana a 1821. Sannan a Tennessee wani Joseph Washington ya kafa gandun taba ya raɗa masa Wessyngton, tsohon rubutun sunan nan da Malam ya ambata. A 1860 mutum 274 ke bauta a wurin, kuma da yawa daga jikokinsu Washington suke amsawa har yau. Saboda haka a ce sunan bai bi ta hanyar mallaka ba sam, wannan ma zuƙi-ta-malle ce.

Malam Ɗanjuma: Ban musa ba, Barista. Har ma zan ƙara miki wanda ya fi naki. Akwai Harry Washington, mutumin yankin kogin Gambiya, wanda George ya saya a 1763 yana kula masa da dawaki. A 1776 ya gudu ya shiga rundunar Ingila, domin sun yi alkawarin 'yanci ga duk bawan da ya bar 'yan tawaye. Da aka ci Ingila da yaƙi aka kwashe su Harry zuwa Nova Scotia a Kanada a 1783, daga can kuma a 1792 ya bi ayarin da ya kafa Freetown a Saliyo. A 1800 ya shiga boren da mazauna suka yi wa kamfanin Turawan da ke mulkin garin, aka kore shi zuwa tsallaken kogi. Ga wanda maganar Auwalu ta hau kansa daidai: bawan George ne, sunan George yake ɗauke da shi. Sai dai shi Afirka ta Yamma ya dawo da sunan.

Ɗan'iya: Wato ubangida yana yaƙin 'yanci, barga kuma tana nata yaƙin. Malam, gaskiya ne tutar Amurka daga tambarin gidan su George aka kwafo? Na ga taurari uku da layi biyu ja.

Malam Ɗanjuma: Kama da wane ba ta wane. Babu takardar zamanin da ta nuna haka. Tutar birnin Washington ce aka ɗauko daga tambarin, a 1938.

Hajiya Rabi: Bari in ba ku abin da na ji da kunnena. Akwai wata dattijuwa da muka yi aiki tare a nan Maryland, sunan gidansu ke nan. Wata rana muna cin abinci na yi irin katoɓarar Auwalu, na ce ashe ku mutanen shugaban ƙasa ne. Ta ajiye cokali ta dube ni. Ta ce kakan kakanta a Georgia aka haife shi, a gonar wani mai suna daban, kuma ranar da aka zo rubuta sunayen 'yantattu ya ƙi ba da sunan mai gonar. Ta ce: "Ba a ba mu sunan nan ba, mu muka ɗauka." Wallahi sai da na ji kunya. Ta kuma ce in ta buga waya neman hayar gida, tana faɗin sunanta an san launinta kafin a gan ta.

Abin da ya faru ke nan bayan 1865, lokacin da aka soke bauta, mutum wajen miliyan 4 suka fita. Aure, ɗaukar aiki, rajistar zaɓe, ko'ina sai an tambaye ka suna biyu. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta su da sunayensu, kafin nan adadi ne kawai a ƙarƙashin sunan mai su. Wasu sun riƙe na tsohon ubangida don dangin da aka sayar nesa su iya gano su, wasu sun fito da wanda suke ɓoyewa, wasu sun zaɓi sabo fil.

Nura Akawu: Booker T. Washington ma ai haka ne, wanda ya shugabanci makarantar Tuskegee tun 1881. A gonar wani Burroughs aka haife shi a Virginia. Shi da kansa ya rubuta cewa ranar farko a makaranta ya ji kowane yaro na kiran suna biyu, da malami ya zo kansa sai ya ce Booker Washington.

Sadiya: Ka manta ka ce mijin uwarsa sunansa na yanka Washington, Washington Ferguson. Yaron bai je da nisa nema ba.

Nura Akawu: Duk da haka dai bai taɓa taka gandun George a matsayin bawa ba. Abin da ake gardama a kai ke nan.

Auwalu: To ni ga tawa ta ƙarshe, ku amsa min. In zaɓa suka yi don girmamawa, me ya sa ba su zaɓi Lincoln ba? Shi ya sa hannu a takardar 'yanta su a 1863. Mutum ya bar wanda ya kwance shi ya ɗauki sunan mai bayi? Hankali bai ɗauka ba.

Hajiya Rabi: Wannan ta shiga. A waccan ƙidayar masu suna Lincoln 16,000 ne da 'yan kai, baƙaƙe a ciki kashi 14 kacal.

Malam Ɗanjuma: Tambaya mai kyau, Auwalu, da haka kake yi a aji da ba mu yi ta faɗa ba. Ga yadda nake gani. Mutumin da aka 'yanta a Mississippi ko Georgia a 1865 bai tashi ya bar wurin ba. Gobe zai koma neman ƙodago wurin mutanen Kudu da aka ci a yaƙin basasar Amurka, waɗanda ko sunan Lincoln ba sa son ji. Ka je gaban irin wannan ka ce sunanka Lincoln, ka tsokano tsuliyar dodo. Washington kuwa ɗan Kudu ne, uban ƙasa, babu Baturen da zai ce ka yi rashin kunya. Kuma sunan yana ko'ina, a gari, a titi, a gunduma, har iyaye na raɗa wa 'ya'yansu shi tun kafin 'yanci, kamar mijin uwar Booker. Wanda aka ce masa jiya shi dukiya ne, yau ya ɗauki sunan da ya fi kowane zama na ɗan ƙasa. Ga kuma labarin wasiyyar nan, an san ya saki nasa.

Sadiya: Wannan fassarar Malam ce, ba shaida ba. A kotu ba za ta wuce ba.

Malam Ɗanjuma: Shi ya sa na ce yadda nake gani.

Auwalu: Na janye kalmar "duk". Ita kaɗai. Amma ban yarda mai gyaran waya ya ci ni ba, don cewa ya yi babu alaƙa ko kaɗan, ga Harry ga mutanen Tennessee.

Bilkisu: Yaya, "duk" ɗin nan ai ita ce gardamar gaba ɗaya.

Sadiya: Me ka faɗa a shagon, kalma da kalma? "Gandun shugaban ƙasa" ka ce, ko "gandun masu suna Washington"?

Auwalu: Na farkon.

Sadiya: To ka biya dubu biyun. Na Tennessee ba su cece ka ba, Harry kuma yana Saliyo.

Ɗan'iya: In ka je biya ka tura min ɗari biyar, ni na fara kawo fassara.