Neman shawara: bincike kan raunin ƙwaƙwalwa ko koyar da ɗaliban likitanci, wanne zan kama?

Ƙanwarku likita:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar manya, musamman waɗanda suka riga mu shiga harkar jami'a. Ni likita ce, shekara huɗu kenan ina aiki a emajensi, yanzu kuma na samu damar shiga jami'a a matsayin ƙaramar malama, amma shugaban sashenmu ya ce tun yanzu in tsayar da layin da zan bi, ko dai bincike kan raunin ƙwaƙwalwa wanda shi ne zuciyata take so, ko kuma fannin koyar da likitanci a gefen gadon mara lafiya, da yake ɗalibai suna yawan cewa suna gane bayanina.

Bari in faɗa muku abin da ya sa raunin kai ya tsaya min a rai. Wani dare aka kawo mana wani matashi da ya faɗo daga babur, da ƙafarsa ya shigo yana magana, har yana tambayar ina wayarsa. Wanda ya karɓe shi ya rubuta 14 cikin 15 a ma'aunin Glasgow, wanda ake auna yadda mutum yake cikin hayyacinsa da shi. Bayan awa biyu aka rubuta a fayil ɗinsa "yana barci", babu lamba babu komai. Da na zo wajen asuba na ɗaga fatar idonsa na haska tocila, sai na ga ƙwayar idon dama ta buɗe ba ta motsi da haske. Ashe jini ne yake taruwa tsakanin ƙashin kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kafin a haɗa ɗakin tiyata lokaci ya ƙure. Allah ya jiƙansa. Wlh har yau hannuna yana tuna nauyin tocilar nan.

To damuwata, ba mu da manyan na'urori, ban yi digiri na uku ba, kuma ina jin ana cewa koyarwa tana cinye mutum ƙarin girma kuma sai da maƙala a mujalla. Ta ina zan fara?

Tsohon malamin tiyatar ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan yaron, ya ba ki ladan damuwa da shi. Ni da na karanta labarinki ban ga hanya biyu ba, guda ɗaya na gani. Me ya kashe yaron nan? Jini, eh. Amma me ya hana a gano jinin da wuri? Ba a auna shi a kai a kai ba, ba a rubuta da harshen da kowa zai gane ba. Wannan tambayar bincike ce, kuma maganinta koyarwa ne.

Shi kansa ma'aunin Glasgow ɗin da kike magana ai haka ya samo asali. Graham Teasdale da Bryan Jennett ne suka fitar da shi a 1974 a birnin Glasgow, saboda kowa yana faɗin abin da ya ga dama, wannan ya ce mara lafiya ya suma, wancan ya ce magagi yake, likitan dare da na safe ba sa fahimtar juna. Sai suka ce a duba abu uku kawai, buɗe ido, magana, da motsin jiki. A yadda muke amfani da shi yau ido 4, magana 5, motsi 6, mafi ƙanƙanta 3 mafi girma 15. Babu wata na'ura a ciki, ido ne da kunne da hannu, kuma sun gwada ko nas da ƙaramin likita da babban likita za su ba mutum ɗaya lamba iri ɗaya. Yau shekara hamsin da ɗoriya duk duniya da shi ake aiki. Don haka kar ki bari rashin na'ura ya kashe miki gwiwa.

Nas a ɗakin kulawa ta musamman:
Dakta sannu da ƙoƙari, amma bari in ɗan yi magana a madadin wadda ta rubuta "yana barci", domin na taɓa zama a matsayinta. Ki ɗauka ke kaɗai ce a dutin dare da gadaje cike, ga 'yan uwan mara lafiya suna cewa a bar shi ya huta ya sha wuya, ga shi ba wanda ya taɓa tsayawa ya nuna miki yadda ake danna ƙumba ko a matse tsokar kafaɗa a ga yadda hannu zai amsa, sai dai a allo aka rubuta mana a makaranta muka haddace. Idan za ki yi koyarwa dan Allah kar ki tsaya kan ɗaliban likita kawai, mu ne muke kwana da mara lafiya. Kuma ki koya mana rubuta kashi ukun daban daban, ba jimla kawai ba, don 10 ɗin wannan ba 10 ɗin wancan ba ce. Sannan awon hawan jini, duk wanda ya daɗe a ɗakinmu ya san idan na sama ya faɗi ƙasa da 90 ko oksijin ya yi ƙasa ko da na ɗan lokaci ne, ƙwaƙwalwar da ta riga ta bugu tana ƙara lalacewa. Buguwar farko ba mu da iko a kanta, wannan ta biyun ita ce a hannunmu.

Yayanki da ya gama digiri na uku:
Da girmamawa ga Farfesa, ni dai ina da ɗan saɓani. Gaskiya ne tambayar ɗaya ce, amma awoyin rana ba sa ƙaruwa. Ni na shiga da niyyar zan haɗa duka, shekara biyu suka wuce ban rubuta layi ɗaya ba, yau lakca gobe jarrabawa jibi kwamiti ga kiran aikin dare, kuma duk wanda aka ga yana da fara'a da ɗalibai shi ake jibga wa aiki. Ƙanwata ki zaɓi abu ɗaya da za a san ki da shi, in raunin ƙwaƙwalwa ne to shi ne, koyarwar ta zama tana yi masa hidima. Kafin ki karɓi aikin ki nemi a rubuta miki a takarda ranar da aka ware miki ta bincike a sati, alkawarin baki ba ya tsayawa idan aiki ya taso.

Digiri na uku kuwa ba dole sai da shi za ki fara ba, amma lissafin ƙididdiga dole ne, ki nemi kwas ko digiri na biyu a kan hanyoyin bincike, in ba haka ba ki tara bayanai shekara guda a ce miki ba za su amsa tambayar ba. Ki yi hattara da mujallun da ke turo saƙon imel suna yabon ki suna cewa za su buga cikin sati ɗaya in kin biya, ba sa tantance komai kuma ɓata suna suke. Sannan tun ranar farko ku yi maganar sunan wa zai fito a farko a maƙala, ni wannan ya taɓa raba ni da wanda nake ganin girmansa, ban so ya faru da ke.

Malama a sashen ilimin koyar da likitanci:
Ina so in gyara wani abu kaɗan. Ɗalibai su ce suna gane bayaninki alheri ne, amma ba shi ne fannin ba. Fannin shi ne ki iya nuna cewa abin da kika koyar ya canza abin da hannu yake yi. George Miller a 1990 ya jera shi hawa huɗu, ɗalibi ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna a gabanki, sannan ya yi a bakin aiki ba kowa na kallo. Yawancinmu a hawa na farko muke tsayawa mu ce mun koyar. Jarrabawar nan ta tasha tasha da ake kira OSCE, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975 daga Dundee, hawa na uku take aunawa. Yaronki na daren nan a hawa na huɗu aka rasa shi. To ga aiki a gabanki, ki duba fayiloli ki ga sau nawa ake rubuta ma'aunin cikakke, ki koyar a gefen gado, bayan wata shida ki sake dubawa. Wannan bincike ne cikakke kuma ana buga irinsa. Kar kowa ya sa ki ji kamar masu koyarwa 'yan bayan layi ne.

Wata uwa:
Ni ba likita ba ce, ku yi haƙuri na shigo maganar manya. Ɗana ya bugu a kai, ya yi kwanaki bai san inda yake ba, Allah ya tashe shi aka sallame mu aka ce ya warke. Jikinsa kam ya warke. Amma yaron da ba ya ɗaga murya yanzu abu kaɗan sai faɗa, in aike shi abu biyu ya dawo da ɗaya yana kuka don ya manta, karatu ya gagara. Ba wanda ya gaya mana haka za ta iya faruwa, ba wanda ya sake kiran mu. Likita in kin fara binciken dan Allah ki bi su har gida, kar ya tsaya a ƙofar asibiti.

Tsohon malamin tiyatar ƙwaƙwalwa:
Hajiya kin faɗi abin da ya fi namu duka, Allah ya ƙara masa lafiya. Ku nemi a sake duba shi, akwai masu gyaran tunani da ɗabi'a bayan irin wannan rauni, ba taurin kai ba ne. 'Yata ki riƙe wannan, sallama da rai ba ita ce sakamako ba. Shi ya sa Jennett da Michael Bond suka fitar da ma'aunin sakamako a 1975, kuma manyan bincike a wata shida suke duba yadda mutum ya koma rayuwarsa. Lambar waya biyu a fayil da izinin kira, ya wadatar ki fara.

Na yarda da yayanki kan maganar takarda, ya fi ni sanin zamanin yanzu. Abin da zan ƙara, ki shiga manyan bincike na haɗin gwiwa, nan ake koyon tsari. Mun yi shekaru ana ba masu raunin kai maganin sitiroyid da yaƙinin yana rage kumburi, sai binciken CRASH da aka buga a 2004 da mutum sama da 10,000 daga ƙasashe 49 ya nuna mutuwa ma ta fi yawa a cikin waɗanda aka ba. Ni kaina na rubuta maganin nan da hannuna, ranar da na karanta sakamakon ban yi barci ba. Asibitoci na yau da kullum ne suka tara waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya. Haka CRASH-3 a 2019 kan ba da tranexamic acid, maganin rage zubar jini, cikin awa uku na farko bayan rauni. Kan maganar rashin na'ura kuma, a 2012 an buga wani gwaji da aka yi a Bolibiya da Ekwado, inda kula da mara lafiya ta hanyar dubawa a kai a kai da hoton sikan bai gaza sa na'urar auna matsin cikin kai ba a sakamakon da suka auna.

Abu na ƙarshe, mara lafiyarki sau da yawa ba ya cikin hayyacinsa balle ya ce ya yarda. Ko fayil za ki buɗe don bincike sai kin bi ta kwamitin ɗa'a, ki karanta sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin bincike a kan mutane, da gyare gyarenta kan wanda ba zai iya ba da izini da kansa ba. Kar gaggawa ta sa ki tsallake.

Ƙanwarku likita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wlh na karanta sau uku. Mama Allah ya ba ɗanki lafiya, maganarki ta shige ni. Ga abin da na tsayar, zan ce wa shugabanmu raunin ƙwaƙwalwa ne layina, zan nemi ranar bincike a rubuce kamar yadda Yaya ya ce, aikina na farko kuma shi ne duba fayilolin shekarar da ta wuce bayan kwamiti ya amince, sai koyarwa tare da nas nas ɗinmu na dare, sai kiran waya a wata shida. Sista ina so ki duba min takardar awon da zan tsara kafin in kai ta ko ina, ke kika san abin da zai yiwu da ƙarfe uku na dare. Farfesa tambaya ɗaya ta rage min, wanda aka sa wa bututun numfashi ba ya iya magana, ya kuke so mu riƙa rubuta ɓangaren maganar don kar kowa ya ba shi 1 a ɗauka ya fi yadda yake tsanani?