Waɗanda kuka yi bincike a kan mutane, yaya kuka nemi amincewarsu?

Maman Husna:
Assalamu alaikum. Ina aikin kundin kammala ƙwarewa a fannin lafiyar yara, a kan masu amosanin jini. Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, an kuma fassara takardar neman amincewa zuwa Hausa. Wasu iyaye mata da zarar sun ji za a ɗebi jini sai su ce sai sun tambayi maigida, daga nan ba na sake ganinsu. Wasu kuma tun ban gama bayani ba sun miƙo yatsa za su dangwala, suna cewa "ai ke ce likita". Waɗannan na biyun sun fi damuna, domin ban tabbata sun san cewa bincike ne ba. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ko a wane fanni ne, ya gaya mana yadda ya yi.

Baba Likita:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai ki san ƙasar da kike takawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana na Kano. An ba rabi Trovan, rabi kuma ceftriaxone, yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya musanta yin ba daidai ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan labari na cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan-inna a 2003, kuma Kano ba ta koma ba sai 2004. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da kwamitinku ke aiki da su ma a 2007 suka fito, bayan duk wannan.

Saboda haka matar da ta ce sai ta yi shawara ba jahilci ke damunta ba. Wataƙila a unguwarsu akwai gidan da abin ya shafa. Ni abin da na saba yi shi ne in raba ganin mara lafiya da maganar bincike. Sai an duba yaro, an rubuta magani, uwa ta riƙe katinta a hannu, sannan wata ma'aikaciyar jinya, ba ni ba, ta yi mata bayani a wani ɗaki. Abu na farko da za ta faɗa shi ne: ko kin yarda ko ba ki yarda ba, maganin ɗanki ba zai canza ba. Bayan an gama sai a ce ta maimaita da bakinta abin da ta fahimta. In ta ce "za a ba shi sabon magani ya warke" alhali jini kawai za a auna, to ba a ba ta takarda ba tukuna. Jinin ma a nuna mata sirinjin, a ce mililita 5 cikin ƙaramin cokalin shayi ne. Yawanci tunaninsu leda guda za a cika.

Maman Husna:
Na gode Baba. To batun maigida fa? A takarda sa hannun uwa ya isa.

Baba Likita:
A takarda ya isa, a gida bai isa ba. Ki ba ta kwafi ta tafi da shi, ki ce in yana so ya zo ko a yi magana da shi ta waya. Ita ce za ta koma gidan, ba ke ba.

Anti Nas:
Baba, da girmamawa, ina da ɗan bambanci a nan. In batun yaro ne na yarda, ɗansu ne su biyu. Amma na yi aikin tattara bayanai a kan mata masu ciki, na ga inda miji ya ce "na ba ku izini" alhali matar kanta a ƙasa, ko kalma ba ta ce ba. Izinin miji ba ya tsayawa a madadin nata. Mukan jira ya fita, mace ta tambaye ta su biyu. Akwai waɗanda a nan ne suka ce ba sa so, muka bar su, kuma ba mu gaya wa mazan dalili ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. A wajenmu ba a fara da takarda, da fada ake farawa. Sai an je wurin mai gari da liman, a yi taro a fili, mutane su yi tambayoyinsu kowa na ji, sannan a bi gida-gida. Yardar mai gari tana buɗe ƙofa ne kawai, kowace uwa sai an sake tambayarta. A Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai suna Rotasiil, wanda ke jure zafi, sakamakon ya fito a 2017 da kariya kusan kashi 67 cikin ɗari daga gudawa mai tsanani wadda ƙwayar cutar rotavirus ke jawowa. Dubban iyaye ne suka kawo jariransu. Mutanenmu ba sa ƙin bincike in sun ga fuskokin da suka sani. Tambayar da na fi sha a ƙauye ita ce: in yaron ya yi zazzaɓi da dare, wa za mu kira? In ba ki da amsarta, kada ki fara.

Mai Harhaɗa:
Ni fannina harhaɗa magunguna ne, kuma wanda nake neman yardarsa ba mara lafiya ba ne, mai maganin gargajiya ne. Na je wurin wani dattijo neman sanin itatuwan da yake haɗawa na gyambon ciki. Ya ce da ni: "Ɗana, kafin kai wasu sun zo, sun rubuta, sun zama farfesoshi, ni ina nan a kan tabarmata." Ban ga laifinsa ba. Na ba shi labarin Niprisan, maganin amosanin jini da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta sarrafa daga haɗin Rabaran Paul Ogunyale, wanda a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, aka kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa mai asalin ilimin yana da kaso. Muka rubuta tamu a gaban ɗansa: sunansa zai fito in ya so, ba zan wallafa awon haɗin ba sai da izininsa, kuma zan dawo in gaya masa abin da gwaji ya nuna, mai daɗi ko mara daɗi. Da na koma da sakamakon gwajin guba a kan ɓeraye, wanda ya nuna ɗaya daga cikin sassaƙen na taɓa hanta in awo ya yi yawa, shiru ya yi, sannan ya ce zai rage. Har yau muna gaisawa.

Malama Mai Sanda:
Bari ku ji daga ɓangaren waɗanda ake binciken a kanmu. Ni makauniya ce, ina koyarwa. Ɗalibai masu ƙera sanda mai ƙara ko manhajar waya suna yawan zuwa wurinmu. A miƙo mini takarda ta buga-rubutu, wanda ke neman in sa hannu shi ne zai karanta mini, sannan a kama yatsana a dangwala. Wallahi kama yatsan nan yana yi mini ciwo a rai. Ku turo takardar ta waya ko kwamfuta tun kafin ranar, manhajar NVDA kyauta ce, za ta karanta mini in da Turanci ne. In da Hausa ne ku naɗi murya ku turo. Ku bar ni in zo da wanda na yarda da shi ya zama shaida. Kuma zuwa wurin sarkin makafi ladabi ne mai kyau, amma bai san abin da ke raina ba.

Kurame kuma nasu ya fi tsanani. Wanda ya yi makaranta kamar Tudun Maliki ya koyi yaren hannu mai tushen Amurka, wanda bai yi ba kuwa maganar hannu ta Hausa yake yi. In kuka kawo tafinta da ya san ɗaya kawai, rabin mutanen gyaɗa kai za su yi ba su fahimta ba. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman tun Janairun 2019 aka sa mata hannu, amma har yanzu da wuya mai bincike ya sa kuɗin tafinta a kasafinsa. Sannan sandar da aka gwada a hannuna ana tafiya da ita, ba na sake jin labari. Ko ta yi aiki, ko ba ta yi ba, oho.

Malamin Tsangaya:
Malama, Allah ya saka da alheri. A binciken ilimi ma haka ne. Malami ya raba wa ajinsa takardun tambayoyi ana saura mako jarrabawa, wane ɗalibi ne zai ce a'a? Ni sai in ba wani daga wani sashe ya raba, ba suna, ba lambar rajista, ni kuma ba na ɗakin.

Anti Nas:
Likita, kada ki manta da kuɗin mota. Ki biya abin da ta kashe da ɗan abin abinci, amma kada ya kai yadda mai tsoro za ta yarda saboda kuɗin. Ki faɗi adadin bayan ta yanke shawara, ba kafin ba.

Baba Likita:
A nan sai an yi hattara. Adadin yana cikin takardar da kwamiti ya amince da ita, ba a ɓoye shi, sai dai kada a fara da shi. Kuma 'yata, a Kano aka yi binciken SPRING a kan maganin hydroxyurea don hana shanyewar ɓarin jiki a yara masu amosanin jini, iyaye suka yi ta kawo yaransu shekara da shekaru. Ki nemi ma'aikatan jinyar da suka yi wannan aiki, sun fi mu sanin bakin iyayen.

Maman Husna:
Na gode muku duka. Zan rubuta wa kwamiti neman gyara biyu: a raba ɗakin bayani da ɗakin duba yara, a kuma ƙara ranar da za a tara iyaye a gaya musu sakamako da Hausa. Malama Mai Sanda, akwai uba ɗaya kurma a cikin masu kawo yara. Ta wace hanya zan samu tafinta da ya iya maganar hannun biyu?