Muhawara: Wa ake tsarewa a gandun dajin Larabawa, dabba ko mai akuya?

Baban Nana: Assalamu alaikum jama'a. Maganata ɗaya ce, wanda zai ji haushi ya ji. Gandun dajin nan da ƙasashen Larabawa ke ta keɓewa suna buga ganga a kai, yawancinsu korar talaka makiyayi ne aka sa wa riga mai kyau. Shekara shida na yi ina tuƙa tankar ruwa a arewacin Saudiyya. A 2018 aka kafa manyan gandun sarauta, yanzu kuma sun ce kafin 2030 sai sun keɓe kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku. Da idona na ga wani dattijo Balaraben ƙauye an ci shi tara don raƙumansa sun tsallake iyakar da bai san an ja ba. A wurin nan kakansa ya yi kiwo. To barewa ta fi ɗan Adam ne?

Likitar Dabbobi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ban ƙaryata abin da ka gani ba, amma ka ɗauki mutum ɗaya ka yanke wa ƙasa ashirin da biyu hukunci. Bari in ba ka labarin maririn Larabawa, farin nan mai dogayen ƙahoni da suke kira maha. A 1972 aka kashe na ƙarshe da ke yawo a daji, a ƙasar Oman. Abin da ya sa irinsa bai ɓace ba, a 1962 an kama guda uku a yankin Adan na Yaman, aka haɗa su da wasu da sarakuna suka bayar, aka kai gidan namun daji na Finiks a Amurka suka hayayyafa. A 1982 aka sako jikokinsu a Jiddatul Harasis ta Oman, cikin fili da aka keɓe aka sa masu gadi. A 2011 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sauke shi daga sahun dabbobin da ke bakin ƙarewa, lokacin kusan guda 1,000 ne a daji. Ba don gandu ba, da yanzu sai dai mu nuna wa yara hotonsa.

Sarkin Musu: Dakta, wa ya ƙarar da maririn tun farko? Mai akuya?

Likitar Dabbobi: A'a. Ayarin mafarauta masu motoci da bindigogi masu sarrafa kansu.

Sarkin Musu: To kin ba Baban Nana makami da hannunki. Kuma ki ƙarasa labarin Oman ɗin, kada ki tsaya inda ya yi miki daɗi. UNESCO ta sa gandun cikin kayan tarihin duniya a 1994. A 1996 mariri ya kai 450. Sai ɓarayi suka shiga kama su da rai suna sayar wa attajirai masu tara dabbobi a gidajensu. Sannan gwamnati da kanta ta zaftare kashi 90 cikin ɗari na filin saboda neman man fetur. A 2007 saura 65, UNESCO ta soke sunan wurin, kuma shi ne na farko a duniya da aka taɓa yi wa haka. Su kuwa Harasis, makiyayan wurin, su ne ma aka ɗauka gadi. Kura ta ci, an kama kare.

Malam Mai Allo: Ku yi haƙuri in sa baki, don na ga kamar ana zaton keɓe daji abu ne da Bature ya kawo wa Larabawa. Suna da shi tun kafin Musulunci, sunansa hima. A jahiliyya mai ƙarfi ne ke keɓe wa kansa makiyaya ya hana kowa. Manzon Allah (SAW) ya rushe wannan, ya ce babu hima sai ta Allah da Manzonsa, yana cikin Bukhari. Shi da kansa ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza da Sharaf. Abin da nake so ku ji shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa bawansa Hunayyu da ya ɗora a kan hima. Ma'anarta: ka sassauta wa Musulmi, ka ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ka bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ka kiyaye mini dabbobin Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su in dabbobinsu suka mutu suna da dabino da gonaki, shi kuwa talaka in nasa suka mutu, 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofata. Har ya rantse cewa mutanen wurin gani suke ya zalunce su, ƙasarsu ce, kuma ba don dabbobin da ake hawa a tafarkin Allah ba, da ko taƙi ɗaya bai keɓe ba. Ku duba fa, manyan Sahabbai biyu masu arziki aka ambata da suna aka hana, aka buɗe wa mara shi. Mu ma nan hurumin da ake bari a bayan gari don dabbobin kowa, ai daga wannan gida tunanin ya fito.

Baban Nana: Allah ya saka da alheri, Malam. Abin da nake ta son faɗa ke nan bakina bai iya ba. A koma wa hima, a cire waya.

Likitar Dabbobi: Malam, Allah ya ƙara sani, amma da tambaya. Himar Naƙi'i da ta Rabaza don dawakan yaƙi da raƙuman zakka aka yi su, ba don barewa ko jimina ba, ko ba haka ba?

Malam Mai Allo: Haka ne, 'yata. Wadda ta shafi namun daji ita ce haramin Makka da na Madina, inda aka hana farauta da sare itace. Daga baya kuma ƙabilun Hijaz da Asir sun faɗaɗa hima: wata a hana kiwo sai bayan ciyawa ta zubar da iri, wata don ƙudan zuma, wata don itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta kusan 3,000 a Saudiyya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Da gwamnati ta buɗe wa kowa filayen ƙabilu, sai suka mutu, saura ƙalilan.

Likitar Dabbobi: To a nan gizo ke saƙar. Hima ta yi aiki ne lokacin da rani da rijiya ke yi wa garke iyaka. Ruwa ya ƙafe, dole ka tashi, ƙasa ta huta. Yau fa? Ana kai wa tumaki sha'ir mai tallafin gwamnati a buhu, ana kai musu ruwa har tsakiyar hamada, garke ya zauna wuri ɗaya wata da watanni har sai ya tone saiwa. Alhaji, kai da ka tuƙa tanka, tsakaninka da Allah, wa kake kai wa ruwan nan? Dattijon mai raƙuma goma?

Baban Nana: Kai Dakta, kin iya kama mutum. Gaskiya ɗaya ce, ba shi ba ne. Maigidana ɗan kasuwa ne a birni, tumakinsa sun fi dubu biyu, ko sau ɗaya ban ga ya kwana a daji ba. Masu kiwon 'yan Sudan ne da 'yan Habasha da ake biya wata-wata. In muka sauka wuri, kafin mu tashi ya zama kamar an share da tsintsiya. Amma ai wannan ya ƙara tabbatar da maganata: shi ne Ibn Auf ɗin zamanin nan (ban haɗa su a daraja ba, Malam, a dukiya nake nufi), shi kuwa yana da wanda zai buga wa waya. Dattijon ne ya biya tara.

Ɗalibin Amman: Yaya Baban Nana, cewa "yawancinsu" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Ina karatu a Jodan, na je Dana sau biyu. Gandu ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 300, ƙungiyar kare muhalli ta Jodan, RSCN, da aka kafa a 1966 ke kula da shi. Ba a kori Badawiyyai ba. An raba wurin, akwai inda akuya ke shiga da lokacin shigarta, akwai inda ba ta shiga. Masaukin baƙi na Fainan da ke ƙasan kwarin, mutanen yankin ne ma'aikatansa. Barazanar da Dana ta fuskanta a 2021 daga gwamnati ta zo, da ta nemi a sake shata iyakar gandun don haƙar tagulla, mutane suka yi caa. Azraƙ kuma ta fi ban tausayi. Dausayi ne a tsakiyar hamada, tsuntsaye masu ƙaura ke sauka a cikinsa bila adadin. An keɓe shi a 1978, takarda ta cika. Amma aka ci gaba da zuƙe ruwan ƙasa ana turawa Amman, ga rijiyoyin manoma, zuwa 1992 idanun ruwan suka ƙafe. Yanzu da famfo ake mayar da ruwa, abin da aka farfaɗo bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Wane shinge ne zai tare ruwan da ake ja ta ƙarƙashinsa?

Sarkin Musu: Shinge ma kansa yana kisa. Gandun Mahazatus Said da ke gabas da Ɗa'if a Saudiyya an zagaye shi da waya kaf, fili sama da murabba'in kilomita 2,000. Dabbobi suka yi yawa, aka yi shekarun fari, mariri da barewa suka mutu ɗari-ɗari, don dabbar hamada ruwan sama take bi, waya ta hana ta fita. Uruƙ Bani Ma'arid da ke gefen hamadar Rub'ul Khali ta Saudiyya babu waya, an saki mariri a 1995, kuma shi UNESCO ta karɓa a 2023.

Baban Nana: Yau Sarkin Musu yana bayana, lallai za a yi ruwa.

Sarkin Musu: Kada ka yi saurin murna. Je ka tsibirin Suƙuɗra na Yaman. Bishiyar nan mai kamar laima da jan ƙaro, damul akhawaini, tsofaffi ne kawai a tsaye. Duk tsiron da ya fito akuya ta cinye, sai wanda ya maƙale a bakin dutse ko aka kewaye shi. Can ba attajiri, ba tanka, akuyar talaka ce. Guguwa biyu da suka afka a 2015 suka tumɓuke tsofaffin da yawa. Me hima za ta ce da wannan?

Malam Mai Allo: Za ta ce a hana akuya shiga har tsiro ya fi ƙarfin bakinta. Hima ba sakin layi ba ce, ɗana, hani ne. Bambancin kawai wa ya yanke hanin, kuma wa ya fara shafa.

Ɗan Maiwurno: Gaisuwa ga manya. Mu Hausawan Sinnar ta Sudan gandun Dindir maƙwabcinmu ne, tun 1935 Turawan Ingila suka kafa shi, ya kai murabba'in kilomita 10,000. Kowace rani rigima ce tsakanin masu gadi da makiyaya, a kama shanu, wani lokaci har a rasa rai. Wanda ke nesa zai ce makiyayan ne masu taurin kai. Amma ku tambaya ina burtalinsu ya tafi. Manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi sun cinye filayen da ke kewaye, masu su kuwa manyan 'yan kasuwa ne da masu muƙami. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, mashayar rani ta can ma ta yi wuyar zuwa. Ciyawa da ruwan da suka rage suna cikin gandu, a fadamun da muke kira maya. In kai ne da shanu hamsin suna faɗuwa a gabanka, ina za ka nufa? Duk da haka ba na goyon bayan a buɗe shi, Baban Nana. In aka buɗe, rani biyu ya isa ya koma kamar wajensa, sannan kowa ya rasa. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ma dai maganar gadi ta zama labari.

Likitar Dabbobi: Allah ya kawo muku zaman lafiya. Akwai inda aka gwada tsakiya kuma ya tsaya. A Muritaniya, gandun Bankin Argin da aka kafa a 1976 ya bar Imragen, masuntan wurin, su ci gaba da kamun kifi, su kaɗai, da jiragensu masu tafiya da iska, an hana mai inji. A Labanan wata ƙungiya ta dawo da sunan hima kanta tun 2004, majalisun garuruwa ke yanke dokar. Kusa da mu kuma, a Chadi, Abu Dabi ce ta ɗauki nauyin mayar da maririnmu na Sahel a Wadi Rime-Wadi Ashim daga 2016. Babu waya, makiyaya na ratsawa da garkensu, kuma a ƙarshen 2023 an cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Sarkin Musu: Daga yankin Tekun Fasha inda Abu Dabin take dai manya ke tashi da shahunansu su je farautar tuje a ƙasashen mutane. Hannun dama na saki, na hagu na kamawa.

Baban Nana: To na janye "yawanci", Ɗalibin Amman ya ci wannan. Amma ban janye dattijona ba. Duk misalan da kuka kawo masu kyau, an bar mutanen wurin a ciki. Duk waɗanda suka lalace, fetur ne ko tagulla ko famfo ko tarakta.

Likitar Dabbobi: Ban da Suƙuɗra.

Baban Nana: Ban da Suƙuɗra. Malam, Hunayyu da aka ce ya bar mai 'yan tumaki ya shiga, an faɗa masa guda nawa ne 'yan kaɗan? Don maigidana da ya ji wannan doka, raba dubu biyun zai yi gida arba'in, kowane yaro ya shiga da hamsin a matsayin nasa.

Malam Mai Allo: Umar bai ƙidaya masa ba. Hunayyu ya san kowa da garkensa.

Ɗan Maiwurno: A Dindir ma masu gadi sun san na wane ne, Malam. Shi ya sa wasu shanun ba a taɓa kama su.