Fentin masallacin unguwa: kore ko fari, kuma a ɗora wata da tauraro?

Ɗan Tudun Jukun: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun gama filastar masallacin layinmu, ɗan ƙarami ne, sahu biyar yake ci, an kuma damƙa mini maganar fenti. Dattawa sun ce kore, wai shi ne launin Musulunci. Matasa sun ce fari. Mai walda kuma yana jiran mu ce masa ya ƙera wata da tauraro na kan hasumiya ko ya bari. Naira dubu 200 ke hannuna, ina so a gama kafin azumi. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya ba ni shawara don Allah.

Mai Shago PZ: Wa alaikumus salam. Ku sa tayil kawai ku huta har abada.

Ɗan Tudun Jukun: Alhaji, dubu 200 fa na ce.

Malamin Islamiyya: Kore yana da asali, Malam. A Suratul Kahfi da Suratul Insan an siffanta tufafin 'yan Aljanna da cewa koraye ne na alharini. Amma babu inda aka ce a shafa wa masallaci shi. Ita kanta ƙubbar Madina da kowa ke kafa hujja da ita, a 1837 aka yi mata koren fenti, zamanin Daular Usmaniyya. Fari kuwa akwai hadisi a kansa, Manzon Allah (SAW) ya ce mu sa fararen tufafi, mu yi wa mamatanmu likkafani da su. Harami ma fari ne. Duk wanda kuka zaɓa ba ku yi laifi ba.

Baba na Kofar Doka: Yaro, kar ka taɓa maganar watan nan, ni na ga abin da ya jawo mini. Shekarun baya ni aka ba kuɗin namu. Mai waldan ya rantse mini ƙarfe ne da ba ya tsatsa, ya fesa masa ruwan zinare, ranar da aka ɗora har yara suka taru suna kallo. Damina ɗaya ta tona asiri. Tsatsa ta biyo hasumiya ta zubo a jikin farin bango, ja-ja-ja, tun daga sama har bakin taga. Tauraron kuma iskar farkon damina ta karya shi, ya faɗo kan kwanon maƙwabci ya huda. Ni na biya kwano biyu daga aljihuna. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai, bayan sallar isha'i wani da na girme wa ubansa ya miƙe a gaban jama'a ya ce a tambaye ni ina ragowar kuɗi. Ni da na sa nawa a ciki! Babu wanda ya ce masa kul. Yau shekara da shekaru a masallacin bayan layi nake salla, idan na wuce na ga zanen tsatsar nan sai in kau da kai.

Maman Yara: Allah Ya ba ka haƙuri Baba. Wallahi har na ji ƙwalla.

Mai Fenti Sabon Gari: Baba, laifin wanda bai sa jan fenti na hana tsatsa a ƙasa ba ne. Shi kuma mai tambaya, bokiti mai lita 20 na ruwa dubu 18 ne a wajenmu, huɗu sun ishe ka ciki da waje. Amma ka sani kore mai duhu rana na cinye shi, bayan shekara biyu ya koɗe. Fari kuma ƙurar hunturu da jar ƙasar Zariya ba sa raga masa.

Ɗan Samaru: Dubu 18? Satin da ya wuce na saya 45. Naka sai dai in farar ƙasa ce aka dama.

Mai Fenti Sabon Gari: Kai an yanke ka ne, fenti aji-aji ne.

Ɗan Kwangila: Ku yi kore, fari, kore, sai a riƙa zuwa yin katin ɗan ƙasa bayan la'asar 😂

Ɗalibin Tarihi: Wata da tauraron nan fa ba daga zamanin Annabi (SAW) suka zo ba. A ruwayar Tirmizi babbar tutarsa baƙa ce, ƙaramar fara. Abbasiyawa ma baƙi suka riƙe. Turkawa ne suka yaɗa watan, yana kan tutarsu a hukumance tun 1844, daga baya ƙasashe irin su Pakistan da Aljeriya suka ɗauka. Tutar Saudiyya babu wata, kalmar shahada ce da takobi. Mu nan gida, Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, adonsa a jikin ƙasa da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, ya zuba shi.

Baba na Kofar Doka: Kai ɗalibi, ka taɓa riƙe kuɗin jama'a? Tarihi ba zai tsaya maka a gaban kwamiti ba.

Malamin Islamiyya: Baba, a bar shi, abin da ya faɗa daidai ne. Sai dai watan yana da amfani guda: baƙo ya hango shi daga titi ya san inda zai yi salla.

Ɗan Samaru: Lasifika ba ta ishe shi ba?

Maman Yara: Ni kuwa tambayata, duk wannan kwalliya, an gyara wurin alwala? Namu an yi masa koren fenti har da ƙubba, amma famfo ya fi wata shida a mace. Yarana ake aike da jarka kullum asuba, ɓangaren mata kuwa ko tabarmar kirki babu, a tarawihi da namu muke zuwa.

Ɗan Kwangila: Hajiya kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu kowace Juma'a ana zagaya asusu don man janareta, da an ɗauke wuta sai ladan ya koma ɗaga murya. Ka ce a karanto lissafi, a ce ba ka da ladabi.

Baba na Kofar Doka: To kun gani. Ni da na kawo rasit aka zarga, waɗanda ba su taɓa nuna ko takarda ɗaya ba su ne a sahun gaba.

Ɗan Tudun Jukun: Na gode duka. To amma kore ko fari? Mai walda ya sake kirana yanzu.

Mai Shago PZ: Ku manta da janareta, sola za ku sa. Akwai batir a shagona, mai so ya yi mini magana.