Muhawara: wai gem ɗin rali na 2004 ya fi na yanzu sanin mota?

Sadiq: Jama'a, bari in tsokano tsuliyar dodo. Duk gem ɗin tseren rali da aka yi daga 2004 zuwa yau, babu wanda ya kama ƙafar Richard Burns Rally wajen sa mota ta yi halin mota. DiRT Rally 2.0 da EA Sports WRC ado ne kawai: ƙura mai kyau, hasken rana mai kyau, amma motar kamar an ɗaure ta da igiya a tsakiyar hanya. A Richard Burns ka taka burki a makare da ƙiftawar ido, bishiya ce za ta tare ka. Na yi sati biyu kafin in gama zango ɗaya ban kife ba. Wannan shi ake kira tuƙi.

Nura: Sati biyu kana kifewa shi ne hujjar? Ai ko ni zan iya haɗa gem ɗin da ba wanda zai gama shi, in ce masa na gaske.

Sadiq: Kai da kake bugawa da abin hannu a kan kujerar falo, da babban yatsa kake juya mota. Ka bari masu sitiyari su yi magana.

Nura: Na ji, mai sitiyari.

Ummi: Yaya Sadiq, tambaya ɗaya kafin a yi nisa. Wane Richard Burns kake bugawa? Wanda kamfanin Warthog ya fitar a 2004, ko wanda ake saukewa yanzu ta wajen Rallysimfans, shafin masoyan gem ɗin?

Sadiq: Na Rallysimfans mana. Wa yake buga na faifai yanzu?

Ummi: To ka ga ka rushe maganarka da hannunka. Wanda kake bugawa lissafin motarsa ba na 2004 ba ne. Masoyan gem ɗin ne suka zauna shekara da shekaru suna sake rubuta yadda taya ke kama ƙasa da yadda shokozoba ke amsa rami, abin da suke kira NGP. Motocin sababbi ne, yawancin hanyoyin ma mutane ne suka zana su a gidajensu suka ɗora. Gangar jikin ce tsohuwa, injin an canza. In na asalin ya cika kamar yadda kake faɗa, me ya kai su sake shi?

Sadiq: An gyara shi ne saboda tushensa mai kyau ne. Ba a ɗora bene a kan ginin da ba shi da harsashi. Me ya sa ba su ɗauki Colin McRae Rally na 1998 sun gyara ba?

Ummi: Wannan kam na ba ka. Colin McRae na Codemasters ba a yi shi don ya zama makarantar tuƙi ba, an yi shi ne don a ji daɗi, kuma an ji. Amma sai ka gyara da'awarka ta koma "gem ɗin 2004 da aka yi ta sake wa ciki". Ba daidai take da wadda ka buɗe da ita ba.

Malam Habu: Assalamu alaikum, yara. Ni bakanike ne, shekaruna a ƙarƙashin mota sun fi na wasunku a duniya. Ɗana ne ya jawo ni cikin harkar nan, ya kafa sitiyarinsa a gareji, na zauna na gwada duka biyun. Bari in faɗi abin da hannuna ya ji.

Mota a kan burji ba sitiyari ne ke juya ta ba, nauyi ne. In ka taɓa burki, nauyin ya zubo gaba, tayoyin gaba su cije ƙasa, na baya su yi sakayau. A wannan ɗan lokacin ne in ka karya sitiyari bayan motar zai zagayo da kansa. In ka saki burki da wuri, nauyin ya koma baya, gaban ya ƙi jin magana, ka tafi miƙe cikin daji kana ta murɗa sitiyari a banza. Shi ya sa direbobin rali ke taka burki da ƙafar hagu, ta dama tana kan totur. Shi ya sa kuma za ka ga mutum zai shiga kwanar hagu amma ya fara kaɗa motar dama, sannan ya fizgo ta, don nauyin ya wurgo bayan. Dabarar mutanen Finlan da Suwidin ce tun da daɗewa.

A gem ɗin Sadiq wannan abin yana nan daram, na ji shi. A DiRT Rally 2.0 ma yana nan a kan burji, ƙarya ne a ce babu. Inda na tsuke fuska shi ne kwalta. Na shiga hanyoyin Sifen a cikinsa, sai na ji motar tana juyawa daga cibiyarta kamar an kafa mata ƙusa a tsakiya. Motar gaske gabanta ne ke shiga kwana, baya ya biyo.

Sadiq: Allah ya ƙara girma, Malam. Kun ji dai daga bakin mai sana'a.

Malam Habu: Kada ka yi saurin godiya, ɗana, ban gama ba. Gem ɗinka ya fi motar gaske wuya, kuma wannan ba yabo ba ne. A mota, kafin idonka ya ga bayan ya fara zamewa, ƙugunka ya riga ya ji ta cikin kujera. Ba tunani kake yi ba, hannu ke gyarawa da kansa. A gaban allo an yanke maka wannan. Ido kawai gare ka da ɗan jan da sitiyarin ke yi. Kamar a toshe wa makaɗi kunne ne a ce ya yi kiɗa, in ya kuskure a ce ai haka kiɗan gaske yake da wuya.

Nura: Abin da nake son faɗa ke nan tun ɗazu aka ce in yi shiru don ba ni da sitiyari. In mai haɗa gem ya san an cire maka ƙugu, ya ɗan ƙara wa taya riƙo don ya cike gurbin, ƙarya ya yi ko gaskiya? Lissafin ya karkace, amma abin da direba ke ji ya matso kusa da na gaske.

Ummi: Nan ne ainihin rigimar take. Gaskiya biyu ce ake cakuɗawa. Akwai ta lambobi: nauyin mota kaza, taya kaza, tsakuwa kaza, ga abin da zai faru. Akwai kuma ta abin da mutum ke ji a zaune. Yaya Sadiq ta farko yake karewa, Nura ta biyu.

Sadiq: Ta biyun ba ta da ma'auni. Kowa zai ce "haka nake ji". Da wannan hujjar Sega Rally na gidan gem ma sai a ce na gaske ne.

Ummi: Tana da ma'auni: wanda ya tuƙa duka biyun. Jon Armstrong, ɗan Ireland ta Arewa, direban rali ne na gaske. Da kuɗin tsere suka yanke masa ya koma gem, ya ci gasar kwamfuta ta WRC (wato gasar rali ta duniya) a 2018, Codemasters suka ɗauke shi yana ba su shawara kan tuƙin DiRT Rally 2.0, daga baya ya koma motar gaske ya zo na biyu a gasar matasa ta WRC a 2021. Mutumin da ya san yadda tsakuwa ke dukan ƙasan mota yana cikin waɗanda suka saita gem ɗin da kake cewa an ɗaure da igiya.

Sadiq: Ma'aikacinsu ne. Wa zai kushe tuwon gidan da yake ci? Kuma nawa ma ai da zakaran duniya aka yi shi. Richard Burns ya ci kambun 2001 da Subaru, akwai makarantar tuƙi a cikin gem ɗin da muryarsa. Shekara ɗaya bayan fitowar gem ɗin ya rasu, a 2005, yana da shekara 34, ciwon ƙwaƙwalwa.

Ummi: Sunan zakara a jikin kwali ba hujja ba ce, Yaya. Colin McRae ma zakara ne, na 1995, kuma ɗazu ka yi watsi da gem ɗinsa.

Kabiru: Ni duk kun bar abin da ya fi damuna. Kuna ta maganar taya kamar rali taya ce kawai. Rali hanya ce da ba ka haddace ba, da murya a kunnenka tana karanto maka abin da ke bayan tudu. Hagu huɗu, dama biyu ta matse, kada ka yanke. A gem ɗin Codemasters ɗaya ita ce kwana mafi tsanani, shida kusan miƙe. A gaske direba da mai karanta masa hanya su ne ke bin zangon a hankali kafin tsere, su rubuta nasu bayanin da kalmominsu. A gem an rubuta maka, kuma bayan ka buga zango sau hamsin ba ka ma sauraron mutumin, ka haddace kowane dutse. Daga nan ka daina rali, ka koma zagaye fili.

Shi ya sa nake ba EA Sports WRC na 2023 maki. Da suka koma injin Unreal, manhajar da ake gina gem a kanta, sun iya yin zangon da ya wuce kilomita 30. Haddace wannan sai mai ƙwaƙwalwar gardi. Wajen minti ashirin kana sauraro, ka shagala sau ɗaya ka tafi.

Nura: Ga kuma lalacewar hanya. A DiRT Rally 2.0 in ka tashi a baya, za ka tarar motocin gaba sun tone hanyar. A gasar gaske ma haka ne ta wata fuskar: ranar farko a kan burji wanda ke jan ragamar gasa shi ke fara fita, ya share wa na baya tsakuwa, ya yi asarar lokaci. Sadiq, naka yana da wannan?

Sadiq: Naku yana da gargada da ke kwance maka haƙora? Kowa da abin da ya rasa.

Baba Ilu: Ku yi haƙuri da tsoho, jikana ne ke rubuta mini. Ni mutumin Agadas ne, na yi tuƙin sahara, kuma ina saurayi lokacin da motocin Paris-Dakar ke ratsowa ta garinmu su nufi Tenere. Na san wancan tsere daban ne da naku na zango-zango. Amma jikana ya nuna mini Kenya a gem ɗinsa, inda mota ke faɗawa cikin ƙasar nan mai laushi kamar gari da suke kira fesh-fesh. Na ce masa hoton ya yi. Sai na ga ya kife, ya danna wani abu, motar ta dawo sabuwa. Na ce to nan muka rabu. Mu in ka karya ƙafar mota a can, kai da ita za ku kwana. Wanda ya san haka ba ya taka totur yadda yaron nan ke takawa.

Malam Habu: Baba ya faɗi abin da na kasa faɗa. Kuma Kenyan nan da ya ambata, Sadiq, gwaninka Burns a can ya fara cin gasar WRC, Safari ta 1998, ya sake ci a 2000. Safari ba a cin ta da zafin ƙafa, ana cin ta ne da sanin inda za a lallaɓa mota. Ka gaya mini gem ɗin da ke saka wa mai lallaɓawa.

Kabiru: Akwai, Malam, in mutum ya so. A kunna lalacewa mai tsanani, a hana kai sake farawa. Matsalar ba wanda ke yi. Kowa so yake ya yi tsallen Ouninpohja, zangon nan na Finlan, irin na direba Markko Märtin, mita 57 a 2003, in ya faɗi ya sake.

Sadiq: A gasannin Rallysimfans ta intanet dama sau ɗaya ake ba ka. Ka kife, ka fita, sai wani zangon ko wani satin. Hannuna har gumi yake.

Ummi: To ka ga wannan hujjar ta fi duk waɗanda ka kawo tun safe ƙarfi, kuma ba ta da alaƙa da lissafin taya. Doka ce. A sa wa EA Sports WRC irin wannan doka, gumin zai zo.

Sadiq: Gumin zai zo, kwaltar ba za ta gyaru ba.

Nura: An gyara ta sosai a na 2023. Ka buga Monte Carlo, ka hau hanyar dutsen Col de Turini da tayar kwalta ka haɗu da ƙanƙara a inuwar dutse, sannan ka dawo mu yi magana. Ko ka taɓa buga shi ma?

Sadiq: Na kalla.

Nura: Ka KALLA? Jama'a a shaida.

Sadiq: Kwamfutata ba za ta ɗauke shi ba, sai me? Richard Burns a tsohuwar laftof yake tashi lafiya lau.

Ummi: Ashe da dalili.

Malam Habu: Ya isa, kada a koma gori. Ranar Asabar bayan la'asar gareji a buɗe yake, akwai janareta. Ɗana yana da duka ukun a kwamfutarsa. Mota ɗaya za a ɗauka, Ford Escort Mk II mai jan baya, don ita ba ta rufa wa kowa asiri. A rage juyin sitiyari daga digiri 900 zuwa yadda kowa ya saba, zango ɗaya na burji, ɗaya na kwalta, ba sake farawa. Nura, kai ma sitiyari za ka riƙe, ka bar abin hannun nan a gida.

Nura: Malam, ban taɓa taka kuloci ba a rayuwata.

Sadiq: Ni zan zo. Amma a fara da nawa.

Malam Habu: Da wanda ba ka taɓa bugawa ba za ka fara. Wanda ya fara kifewa shi zai sayi man janareta.