Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri a Alta, in hau ranar Asabar ko in jira?

Bakatsinen Utah:
Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya na kasa zaune na kasa tsaye. Oktoba bai ƙare ba, amma duwatsun Wasatch da ke nan jihar Utah ta Amurka sun yi fari fat. Yau da na idar da sallar asuba na ja mota na bi hanyar Little Cottonwood har Alta, wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, don dai in gani da idona. Ina saukowa ƙafata ta nutse har gwiwa. Na damƙo dusar in dunƙule, ta ƙi, sai zubewa take ta tsakanin yatsuna kamar garin tuwo. Irin wadda ake nema ke nan, busasshiya marar nauyi, wadda ta sa 'yan Utah suka rubuta a lambar motocinsu cewa tasu ta fi ta ko'ina a duniya.

Ni a hunturun 2022 zuwa 2023 na fara koyon zamiya da alluna a ƙafa, shekarar da Alta ta samu dusa inci 903, kusan mita 23. Waccan ma da wuri ta fara. Shi ya sa jikina yake ba ni bana ma za a sha shagali. Na riga na goge allunana, na shafa musu kaki, suna jingine a bakin ƙofa.

Matsalar ita ce kujerun da ke hawa da mutane saman dutsen ba za su fara aiki ba sai tsakiyar Nuwamba ko bayan haka. Wasu abokan aikina biyu za su hau da ƙafa ranar Asabar su zamo. In bi su? Kuma saukar da wuri alama ce ta hunturu mai albarka, ko zumuɗina ne kawai?

Ɗan Kurmi:
Ikon Allah! Mu nan Kano hazo kaɗan ya sauko mun nemi rigar sanyi da man shafawa, kai kana can kana murnar ƙanƙara har gwiwa. Hajiya ta san abin da kake yi kuwa?

Kawu na Sandy:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na fi ka daɗewa a gindin duwatsun nan, kuma ni dusar Oktoba tsoro take ba ni. Idan ta sauka sannan sama ta washe na mako biyu ko uku, sanyin dare yakan mayar da ita tsaki-tsaki kamar sukari, musamman a gangaren da ke fuskantar arewa inda rana ba ta kaiwa. Ba ta kama jikinta. Sai ta Disamba ta zo ta hau kanta da nauyi, kamar ka ɗora katifa a kan gero. Mutum ɗaya ya taka, gangaren gaba ɗaya ya zaftaro. Wannan raunin yana iya kaiwa har Janairu yana kwance a ƙasa.

Kuma ka sani, kafin a buɗe wurin babu ma'aikatan sintiri, babu mai tayar da zaftarewa da gangan don ya share muku hanya. Daji ne kawai. Kana da na'urar da ake gano wanda dusa ta binne? Da shebur, da sandar bincike? Ka iya aiki da su? Wanda aka binne, mintuna 15 na farko su ne rayuwarsa, kuma abokan tafiyarsa ne za su tono shi.

Batun alama kuwa, ruwan farko ba ya nuna yadda damina za ta kaya. Na ga shekarun da aka fara da ƙarfi, Disamba ta zo a bushe ƙarƙaf. Ni addu'ata ita ce dusar ta yi yawa saboda ruwan sha, don kusan duk ruwan jihar nan daga narkewarta yake, ga tafkin Great Salt Lake da ya ja baya sosai a 2022.

Maman Tagwaye:
Ka ji maganar Kawu. Maigidana ya yi irin wannan gaggawar, dutse na ɓoye a ƙarƙashin dusa ya yage masa cikin sabon allo, ya dawo yana ɗingishi. Gwiwa ɗaya ta dusa ba ta rufe duwatsun can. Ka fara sa tayoyin hunturu tukuna, don ranar da aka yi ruwan dusa ba a barin motar da ba ta shirya ba ta hau hanyar.

Bakatsinen Utah:
Kawu, kun kashe min jiki, amma na ji. Shebur kaɗai gare ni, shi ma na share ƙofar gida ne. Zan nemi ajin koyon kare kai daga zaftarewar dusa, in riƙa duba rahoton Utah Avalanche Center, cibiyar da ke hasashen zaftarewa, kowace safiya. Asabar dai zan hau da fulas ɗin shayi in tsaya wajen ajiye motoci in yi kallo. Ɗan Kurmi, Hajiya ta ɗauka hoto kawai nake zuwa ɗauka, don Allah kar ka tona.