Wa Andromeda ta haɗiye?

Malam Audu: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Ƙaramar galaksin nan M32 (galaksi dai wani gagarumin tarin taurari ne) da ke manne a gefen Andromeda, babbar galaksin da ke maƙwabtaka da tamu, ƙwallon wata babbar galaksi ce da Andromeda ta tsotse kimanin shekara biliyan 2 da suka wuce. Masana taurari D'Souza da Bell ne suka kawo wannan a 2018, kuma maganarsu ta kwanta mini.

Hadiza: Malam, biliyan 2 fa! Wa ya tsaya ya gani?

Malam Audu: Sawu ake bi, 'yata. Duba hotonta ki gani: 'yar dunƙule ce, taurari cunkus a tsakiya, ga baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ko haske ba ya tsere masa, mai nauyin rana ninki miliyoyi a cikinta. Ƙananan galaksi yawanci a warwatse suke, dishi-dishi. Wannan kuwa kamar an fere ta ne aka bar ƙwaya.

Bashir: Allah gafarta Malam, cewa an yi cin, babu mai musu. Dogon zaren taurarin nan da Ibata da abokan aikinsa suka gano a 2001, wanda ya miƙe daga kudancin Andromeda, shi kaɗai ya isa shaida. Gardamata kan wanda aka cinye ne. Fardal da mutanensa sun kwaikwayi tafiyar zaren a kwamfuta, hanyar ba ta kai su ga M32 ba. A lissafinsu wata ƙaramar galaksi ce daban, kuma abin bai kai shekara biliyan 1 ba.

Malam Audu: To ƙaramar galaksi ce za ta girgiza faifan Andromeda, wato shimfiɗar taurarinta mai kama da faifai, har ya yi kauri haka? Ita za ta jawo haihuwar taurari birjik a daidai wancan zamanin? Ruwa ba ya tsami banza, Bashir.

Bashir: Na ba ka wannan, babban karo zai fi bayyana kaurin. Amma babban karo daban, M32 daban. Ka haɗa su ne don sun yi maƙwabtaka.

Hadiza: Yaya Bashir, bari in ɗan tallafa maka. A tamu galaksin ma, bayanan tauraron ɗan adam Gaia sun nuna a 2018 cewa ta haɗiye wata wajen shekara biliyan 10 baya, aka sa mata suna Gaia-Enceladus. Ta yanayin zagayen taurarinta da sinadaransu aka gane ta. Kenan ana iya cinye galaksi ta narke, taurarinta su bazu ko'ina.

Malam Audu: Au, ke da kika ce wa ya gani? To ku faɗa mini abin da ya fere M32.

Bashir: Wataƙila Andromeda ɗin ce dai, amma a wani karon.